Shekarar da Anka Yi wa Ɗakin Baba Yaɓe

Da sunan Allah za ni fara, shi ne shaidata. Ni ce Kulu ɗiyar magini, Bagobira gaba da baya, mai shakka shi dubi zanen fuskata. Ban yi karatu ba sai abin salla, don haka na zaunar da malamin unguwarmu shina rubutawa, na kuma gaya mishi kada shi gyara mani magana, kada shi sa mata zuma. Ku ɗiyana da jikokina nike yi wa, musamman ku da kunka dawo daga kasuwar Sabon Birni ido ya yi ja don an kira ku jikokin mai makuba. Na san abin da anka gaya muku. An ce kakarku ta karya rantsuwar ubanta, ta yi wa ɗakinai yaɓe shina kuka shina hana ta, kuma saboda wanga aiki nata ne dawakin Gobir sunka faɗi a wannan shekara. Na haɗiye maganar tun gashina na baƙi. Yayana Nomau, wanda ya fara faɗarta, bara anka kai shi makwanci. Ba sauran mai rai da za ni rufa wa asiri, saboda haka ku gyara zama.

Ubana magini ne a Alkalawa tun birnin na birni. Shi ya rufe soraye cikin gidan sarki, a can ne azara ta kuɓuce ta danne mishi hannun dama, yatsan tsakiya ya tahi. Kun ga yadda magini ke gama yaɓe, shi ja yatsunai bisa ɗanyar ƙasa shi bar shati huɗu. To, na Baba uku ne. Duk bangon da anka ga shati uku an san aikinai ne, har sunanai ya ɓace, kowa Mai Uku ke kiranai. Ni kuwa sunan uwatai anka sa mani, don haka bai taɓa faɗin Kulu ba, Uwata shike cewa. Nomau ɗan fari ne, shi ma ba a faɗin sunanai, sai dai Baba shi ce yayanki. Ina ƙarama masu tuta, mayaƙan jihadi, sunka ci birnin. Abin da na riƙe kaɗan ne, hayaƙi, da kukan jakuna, da Inna tana jan hannuna har kafaɗata ta yi ciwo. Wasu sunka yi arewa da sauran dawaki, mu munka gangaro ƙasar Isa munka tsaya Turba, don ƙafar Inna ta kumbura.

Baba ya zaɓi wuri bakin fadama, ƙasa-ƙasa, inda ba maginin da zai zaɓa wa kansa, don kawai nan ne bakin hanyar komawa. Ya yi tubali, ya ta da ɗaki mai kauri, ya jera azarar giginya ya rufe. Sai ya rage yaɓe, da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafe bango don ruwan sama shi zame, da indararo mai zubar da ruwa nesa da gindin gini. Ran da anka kwaɓa ƙasar yaɓe, 'yan gudun da munka zo tare suna tsaye, wani tsoho ya ce ashe Mai Uku ya zama ɗan Turba. Baba ya yar da ƙasar da ke hannunai, ya ɗaga hannun nan mai yatsa guntule.

"Nan zango ne, ba gida ba. Na rantse da Allah, hannun nan ba shi ƙara taɓa yaɓe, kuma ba a yi wa bangona yaɓe, sai a Alkalawa."

Maza sunka yi kabbara, mata sunka yi guɗa. Ina son ku riƙe wannan, don duk waɗanda sunka yi guɗar nan kafin damina uku kowa ya yaɓe nashi ɗaki, ya sa indararo, wasu har da ado bakin ƙofa. Tsohon da ya tsokano maganar shi ya fara. Sunka bar Baba da rantsuwa, kamar yadda ake barin mutum ɗaya shi tsare kaya a tahi cin kasuwa. In baƙo ya zo daga arewa sai a kawo shi shi ga ɗakin Mai Uku, a nuna mishi tubali tsirara, a ce ga Gobir nan ba ta durƙusa ba. Baba ya koma noma, hannun da ya rufe soron sarki ya koma riƙon kwasa. Inna ce ta riƙe ɗakin nan shekara ashirin da 'yan kai. Duk bazara ta saƙa zana ta jingina wajen gabas inda ruwa ke duka, ta tara ƙasa gindin bango da ƙafarta kamar ba da gangan ba. Amma zana ba makuba ba ce. Laima ta taso daga fadama ta kama gindin ɗakin, ruwa ya sauko daga sama, sunka haɗu tsakiya. Bango ya riƙa gumi. Hunhuna ta fito, fara a kan tabarmi da takalman fata, baƙa a kusurwa, tana hawa kamar tururuwa. Geron da ya kwana uku ciki sai shi yi ɗaci. In na zo ganin gida daga Unguwar Lalle, inda nike aure, na koma, mijina ba shi tambayar inda na hito, zanena ke gaya mishi. Inna ta fara tari wata damina, ƙirjinta na kuka kamar zuga-zugin maƙeri, ba ta ga ta uku ba. Mutane sunka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana na ƙarewa, amma ni na wanke ta, na kuma ga bangon da take jingina kai.

Damina ta biyu bayan rasuwarta na zo da rana tsaka na iske Baba tsugune tsakar ɗaki cikin ƙorai. Ƙwarya, akushi, kasko, har tukunyar alwala, duk ya jera su ƙarƙashin yoyo. Ranar ba a ma yi ruwa ba. Hadari ne ɗan ƙarami can gabas, kamar tafin hannu, shi ya hana shi cin abinci tun safe. Ya rame, idanunai na yawo daga wannan azara zuwa waccan. Sai shi tashi shi dafa bango, shi kara kunne, shi ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, shi koma shi zauna, shi sake tashi. Kuma tarin nan da na sani ya fara. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ba wanda ya san halin ɗakin nan kamar shi. Jahili da ya yi barcinai lafiya. Shi kuwa ya san kowace azara da ranar da za ta gaji.

"Uwata, matsa daga nan. Ta ukun nan daga ƙofa, gara ta gama da cikinta."

"To, tashi mu tahi gidana, Baba. Ga ɗaki busasshe, ga fura."

"In yayanki ya zo daga arewa da labari ya iske ba kowa fa?"

"Sai shi tambaya, ai shina da baki. Ko kuma ka bari in kira magina."

"A ce Mai Uku ya saki? Kin san abin da za a ce? Kin san alhakin rantsuwa?" Ya ɗaga kai ya dubi azarar. "Wataƙila ta kai kaka. In ba a yi ruwa mai iska ba ta kai. Kina jin za a yi mai iska?"

Tambayar nan ya yi mani ta fi a ƙirga a daminar. Na roƙi mijina, na dawo Turba da zama. Na sa kututturen kirya na tokare azarar, Baba ya yarda don tokara ba yaɓe ba ce. Na riƙa hura garwashi cikin kasko don laima ta ragu, in fitar da tabarmi rana, in goge hunhuna da toka, kwana biyu ta dawo ta fi da. In hadari ya haɗo sai in zauna kusa da shi in riƙe hannunai in ja shi da labarin Alkalawa, wane soro ne ya fi tsawo, wa ya gina ƙofar yamma, har ruwa shi wuce. Da haka munka kai kaka, ni da shi da ƙorai.

Bayan an ɗaure gero Nomau ya zo, kamar yadda ya saba, ya ɓoye cikin ayarin masu gishiri don ƙasar tana hannun masu tuta. Ya zo da abokai biyu daga sansanin arewa. Bai tambayi tarin ba. Ko ruwa bai sha ba ya ja su sunka zagaya ɗakin, shina shafa tubalin da ruwa ya zaizaye har sunka koma kamar haƙoran tsohuwa.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Ko tafin hannu ɗaya ba a ɗora ba. Wanga shi ne ubana."

Sunka durƙusa gaban Baba suna cewa shi ne Gobir, Allah shi ja kwana. Na ga tsohon ya miƙe wuya, ya danne tari har idonai ya kawo ruwa. Sai na shiga na shimfiɗa tabarmi uku ƙarƙashin azarar nan da na tokare, na hito na ce ga makwanci, tun da Gobir ce su shigo su kwana cikinta. Ɗayan ya leƙa, warin ya buge shi, ya ce shi mutum ne mai son iska. Ɗayan ya ce shina da ɗan'uwa cikin gari da zai ji haushi in bai sauka wurinai ba.

"Kai fa, Yaya? Ko kai ma iska kake so?"

"Kulu, bakinki bai canza ba. Bana za mu koma. Sarki ya tara dawakin da ba a taɓa gani ba, har mutanen Azbin sun zo da raƙuma."

"Bara ma bana ka ce. Inna ta mutu tana jiran bana."

"Ke mace ce, ba ki san nauyin rantsuwa ba."

"Na san nauyin azara. Kai kana can kana cin suna da ɗakin nan, mu muna nan muna shaƙarsa. In kana son rantsuwa ka yi taka, ka daina hawa ta tsoho kamar doki."

Ya taso mani, abokan sunka riƙe shi. Ya nuna ni da yatsa ya ce in na taɓa bangon nan ba shi ba ni har lahira. Na dubi Baba ina jira shi ce wani abu, ko kalma ɗaya, shi da ya kwana uku bai runtsa ba saboda hadari. Abin da ya ce shi ne, "Uwata, bari, baƙi na ji." Nomau ya kwana zauren maƙwabci, da hantsi ya bi ayari.

Na yi ta juya abin har zafi ya shigo. Ran da na ji kukan tsuntsun nan mai gaya wa manoma a gyara gona, na ga Baba ya fara jera ƙorai alhali ko gajimare babu, na san ba mu ƙara wata damina haka. Ban shawarci kowa ba. Magina biyu na Turba na je wa, kowa ya ce ba shi sa hannu ga ɗakin rantsuwa. Na ce to. Ni ba baƙuwar makuba ba ce, duk amaryar da anka yi a Unguwar Lalle ni ke jagorar daɓen ɗakinta, tsakar ɗakin da na buga sai ka ga fuskarka ciki. Na ɗauka bango ma daɓe ne da anka tayar tsaye. Na haƙo ƙasa, na kwaɓa ta a ranar, na jiƙa ɓawon ɗorawa, na shiga ɗaki na fara maka ta daga ƙasa, bisa hunhunar, bisa ruɓar, ina dannawa da ƙarfina duka don in rufe baƙin nan in daina ganinai. Baba na zaune bakin ƙofa. Ya ce in ji tsoron Allah, ya ce zai bar mani gidan, ya yi kuka, wannan gaskiya ne, ya yi. Ban juyo ba. Na ce ni ban rantse ba, kuma ban tsaya wurin da anka yi guɗa da wayona ba.

Da safe duk abin da na ɗora ya saɓule ya zube ƙasa kamar ɓawon rogo. Na sake kwaɓawa na sake makawa, ya sake zubewa, har ya janyo guntun tubali. Rana ta uku ina tsaye da ƙasa har gwiwar hannu, ina zagin bangon da uwar bangon, sai na lura kukan bayana ya tsaya. Na waiwaya. Baba ba kuka shike ba, kallon hannuna shike, fuskatai a murtuke kamar wanda anka ba fura mai tsami.

"Wa ya koya maki wanga aiki?"

"Ba kowa. Wanda ya iya ya rantse."

"Ana yaɓe bisa ruɓa? Kulle laimar kike ciki, ta ci tubalin daga baya. Kuma ruwa daga sama shike shiga, ke kin fara daga ƙasa. Ƙasar nan ma ɗanya ce, ba ciyawa, ba ta kwana ba. Ko ɗan koyo na kwana uku ba shi yin haka."

"To, haka za ni yi ta yi har ɗakin shi faɗo muna."

Na dumbuzo wata na maka a karkace, ta zame. Ya rufe ido. Na sake dumbuzowa. Sai na ji an riƙe mani wuyan hannu. Ban san da sauran ƙarfi haka jikinai ba.

"Ajiye. Kawo fartanya."

Ku ji da kyau, kai kuma Malam rubuta shi yadda na faɗa. Ubana, Mai Uku, shi ya kankare bangon nan da hannunai har anka kai ga tubali mai rai. Shi ya sa anka fitar da komai, anka buɗe rufi gefe guda rana ta shiga kwana bakwai, munka ƙona kara ciki har warin ya mutu. Shi ya nuna mani inda za ni haƙa magudana ta zagaye ɗakin ta gangara fadama. Shi ya zaɓi ƙasa, ya sa ciyawa da kashin doki, ya taka ta da ƙafa, ya rufe ta ta kwana biyar. Azara kaɗai ta fi ƙarfinmu. Na kira makiyaya biyu da ke sauka gonarmu da rani, waɗanda nike sayen nono wurin matansu, sunka ɗaga muna sababbi uku. Ranar Baba ya koma gindin bishiya ya juya baya, don kada su gane da hannunai cikin aikin. Ɗayan ya ce da ni cikin dariya, ashe akwai ranar da Bagobiri zai nemi Bafillace shi ɗaga mishi rufi. Na ce shi ɗaga da kyau, ba saniya ba ce. Rufi da indararo ni na hau tsani na yi, kowa ya gan ni daga hanya, amma daga ƙasa ake gaya mani inda za ni sa hannu.

Ranar yaɓe munka ja darni munka rufe ƙofar gida. Ya ɗebi ƙasar, ya auna ta a tafi, ya jefa, ta zauna kamar can anka haife ta. Shekara ashirin da wani abu bai taɓa ba, amma hannun bai manta komai ba. Bai yi tari ba ranar, bai dubi gabas ba ko sau ɗaya. Har waƙar magina ya riƙa yi ƙasa-ƙasa. Da ya gama kamu ɗaya ya ja yatsunai, shati uku sunka hito. Nan ya tsaya, ya dube su.

"Za a gani, Uwata. Duk wanda ya san Alkalawa zai gane."

Na ɗora hannuna bisa shatin tun ƙasar na ɗanya, na ja, uku sunka koma huɗu. Haka munka yi ɗakin nan ciki da waje, shi gaba ni baya, shina yi ina shafewa. Sai wuri ɗaya, daga ciki, bisa ƙofa, can ƙarƙashin azara. Na ɗauko turmi za ni taka in kai, ya ce, "Bar mani wannan." Na bari, na rataya faifai a wurin. Bayan an shafe makuba na je wurin malamin Turba na tambaye shi, in mutum ya yi rantsuwa ya ga barinta ya fi alheri, mi zai yi. Ban ce wane ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce a ciyar da miskinai goma. Na dawo na faɗa wa iska a tsakar gida, inda Baba zai ji. Da hantsi na iske damin gero bakin turmi, daga rumbun Baba.

Ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi, irin wadda shike tsoro. Ya zauna tsakar ɗaki da ƙwarya ɗaya a cinya, ko ɗigo bai faɗa ciki ba. Kafin ruwan shi ɗauke ya yi barci a zaune, baki buɗe.

Kwana kaɗan bayan haka labari ya iso cewa an yi karo a arewa, dawakin Gobir sun watse, manya sun faɗi. Nomau ya iso da ƙafa, tsumma ɗaure a sawayenai, ba doki, ba mashi, ba ɗaya daga abokan nan biyu. Na tausaya mishi, Allah ya sani, har na ɗebo ruwa. Ya tsaya bakin darni ya ga ɗaki ja wur shina ƙyalli, ga indararo. Ya yi ihu har unguwa ta taru, waɗanda sunka yi guɗa da ɗiyansu.

"Ga abin da ya kashe mu. Muna can muna mutuwa, an karya muna rantsuwa a gida. Baba, wa ya yi wanga aiki?"

Baba na tsaye bakin ƙofa, faifan nan na bisa kanai daga ciki. Ya dubi ɗanai, ya dubi taron, ya ɓoye hannun dama cikin riga. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi, har na ƙirga numfashinai. Na san in ya faɗa, sunan da ya rage mishi a duniya ya tahi, kuma jinin duk wanda ya faɗi a arewa a kanai za a ɗora.

"Ni na yi," na ce. "Shina kuka shina hana ni. Ku dubi shatin, hannun wa kunka gani?"

Sunka matsa sunka ƙirga, huɗu, huɗu, ko'ina huɗu. Nomau ya tofa miyau gabana. Ruwan da na ɗebo mishi ya shure.

Abin da ya biyo baya kun san rabinai. Dangin mijina sun rasa mutum biyu a wannan karo, uwatai ta ce ba ta cin tuwon hannun da ya yi yaɓen, kafin kaka anka aiko mani da kayana. Ba a ƙara kirana daɓen amarya ba. A rijiya mata na janye gugansu in na zo. Wai ni, da ƙasa da kashin doki, na kada rundunar da ta tara dawaki da raƙuma. Ba wanda ya ce sarki ya yi kuskure, ba wanda ya ce abokan gaba sun fi yawa, Kulu ce da makubarta. Nomau ya cika alkawari, shekara talatin ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa mu ba.

Baba kuwa ya yi damina shida cikin ɗakin nan, busasshe, tari ya tahi, ya yi ƙiba har riga ta matse shi. Baƙi sunka ci gaba da zuwa, yanzu don su yi mishi jaje, su ce Allah shi isar mishi ga ɗiyar da ta ci amanatai. Shina zaune shina karɓa, ni ina kawo musu ruwa. In sun tahi ba shi iya duban idona sai gobe. Kada ku ce na yafe wannan da sauƙi. Na so shi, na yi jinyatai, a cinyata ya cika, amma har ranar ina jira shi kira mutum biyu shi faɗa. Da numfashi ya yi nisa ya ɗaga ido wajen faifan nan, ya matse hannuna, ya ce, "Ya zauna da kyau, ko?" Na ce ya zauna. Shi ke nan abin da na samu.

Yanzu ga mu Sabon Birni. Ba a koma Alkalawa ba, an gina wani. Ku zagaya ku gani, ɗiyan masu guɗa da jikokinsu kowa ya yi yaɓe, ya yi makuba, har gidan Nomau da zanen takobi bisa zaure. Ba wanda ya rantse, ba wanda ya kwana cikin hunhuna don Gobir. Su ne ke da bakin kiran jikokina suna. Ban ce ku zagi kakanku ba. Tsoho ne mai tsoro da anka ɗora wa kayan da kowa ya ajiye, kuma da ya ga aikin banza a bangonai hannunai ya ƙi haƙuri. Ban yi nadamar abin da na yi ba, da za a mayar da ni da tun Inna na da rai za ni fara.

Ɗakin na nan Turba bakin fadama, wani manomi ke ajiyar wake ciki, bai taɓa yoyo ba. Ku tahi, ku ɗauki ɗaya daga jikokin Nomau ku tahi da shi, babban nan mai baki. Ku shiga, ku juya ku fuskanci ƙofa, ku ɗaga ido ƙarƙashin azara. In faifan na nan ku cire shi. Ku sa shi shi ƙirga da bakinai, da ƙarfi, kowa shi ji. Sannan ku dawo ku ƙirga yatsuna, ga su nan goma, ba wanda ya ɓace. Malam, ajiye alƙalami, na gama.